Ƙofofin da Suka Ɓace wa Umma

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, Ya albarkaci nemanku, Ya sa zaman da kuke yi nesa da gida ya zame muku alheri. Yaya ciwon bayan nan da kika ce yana taso miki in kin daɗe a tsaye wurin aiki? Don Allah ki daina raina shi, ki je a duba ki, na san halinki na sai abu ya kwantar da ke sannan ki yarda ba ki da lafiya. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. 'Yan biyu sun fara makaranta, kullum sai an yi dambe kafin a raba su da takalman juna. Baban yara yana nan da barkwancinsa, tumbin kuwa sai gaba yake yi, ya ce wai alamar ana kula da shi ne. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi har ta koma yawon gidajen 'yan uwa, kin san kuwa in ta samu ƙafa ba mai hutawa.

Yaya, na san kin yi ta mamakin abin da ya sa kwanakin nan duk lokacin da kika ce a zagaya da ke falon Umma ta bidiyo sai mu kawo wani uzuri, yau a ce ba wuta, gobe a ce waya ba caji. Ba rowar gani muke yi miki ba. Akwai maganar da nake so ki ji daga tushe, ga shi kuma duk sa'ad da muke waya Umma tana gefena, kunnenta kuwa ko allura ce ta faɗi a tsakar gida sai ta tambayi ta wace ce. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Ki samu wuri ki zauna ki karanta a natse, kuma tun kafin gabanki ya faɗi bari in gaya miki Umma tana nan lafiya, yanzu haka ina jiyo muryarta tana yi wa mai kawo ruwa faɗa.

Kin tuna yadda ke da Auta kuka ƙulla shawarar gyara mata gidan. Kina turo hotunan ɗakunan da ake yayi, ita kuma Auta, da yake ta gama koyon aikin ƙawata ɗakuna ba ta samu inda za ta nuna hannunta ba, ta ɗauki abin kamar ranta. Muka kwaso Umma ta dawo wurina aka shiga aiki. Aka fitar da kujerun nan masu ruwan ƙasa da Baba ya saya tun muna 'yan makaranta, aka naɗe jan kafet ɗin da tsakiyarsa ta koɗe, aka sauke labulayen nan masu manyan furanni da kike cewa suna sa ki ciwon kai, baƙin kabad ɗin kwanuka kuwa sai da ƙarti suka taru kafin aka kai shi sito. Da aka gama, wallahi Yaya, na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga da takalmi. Bango ruwan toka mai haske, silin fari tas da fitilu a ɓoye a gefensa, haske yana fitowa ba ka ganin inda ya fito. Tayil fari mai sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki. Kujeru ruwan madara, gajeru, masu lanƙwasa kamar an zuba su. Tebur na gilashi zalla a tsakiya. Abin da Auta ta fi ji da shi su ne ƙofofin: ta sa an cire musu firam, an shafe su da fentin bangon, ba mariƙi ba komai, sai ka tura su buɗe. In ba ka san gidan ba sai ka rantse falon ba shi da ƙofa ko ɗaya. Ta ce yanzu abin da ake yayi ke nan, a rage tarkace, ido ya huta. Baban yara ya leƙa ya ce shi dai ya ga wurin da ake jiran ganin manaja, ya tambaya ko sai an yanki kati kafin a zauna. Auta ta bi shi da filon kujera har waje.

Ranar da muka mayar da Umma, ta daɗe a tsaye a bakin falon. Can sai ta yi murmushi ta ce Allah Ya yi muku albarka, ke da Auta, Ya ba ku masu yi muku. Sannan ta miƙa wa Auta hannu ta ce ta riƙe ta ta zagaya da ita, tunda ita ce mai aikin. Duk muka ɗauka shagwaɓa ce irin ta uwa da autarta, har muna tsokanarsu. Auta ta ɗauki hotuna ta sa a waya, kafin mako ya zagayo mutane sun fara kiranta, wannan tana so a yi mata ɗakin kwana, wancan yana so a gyara masa shago. Rabon da in ji yarinyar nan tana dariya da dukan cikinta tun kafin rasuwar Baba, sai a lokacin.

To daga nan ne abubuwa suka fara canzawa, a hankali, yadda ba ka lura sai ka waiwaya. Umma ta daina fitowa falo. In baƙi sun zo sai ta ce a shigo da su uwar ɗaka, matar da ta raine mu a kan cewa ba a kai baƙo inda ake kwana. Ta daina dafa shayinta da kanta, alhali kin san ko wa ya dafa mata sai ta ce ruwan bai nuna ba. In Auta ta fita aiki da safe ta bar mata abinci a kicin, sai ta dawo da yamma ta tarar ko buɗe shi ba a yi ba, ta ce wai ba ta jin yunwa. Ta rame, gwiwoyinta suka riƙe saboda zama. Wata rana ina shafa mata man zafi na ga ƙaurinta duk tabo, wani ya yi baƙi wani ɗanye, na tambaye ta, ta ce gefen gado ne, ta ja zane ta rufe. Muka kai ta asibiti aka auna jini da sukari, aka ce komai daidai.

Yaya Babba ya tara mu ya ce shi ya gano matsalar: tsufa ne da kaɗaici. Ya ce bai kamata a bar ta ita kaɗai tun safe har yamma ba, zai gyara mata ɗaki a gidansa ya ɗauke ta, wannan gidan kuma a rufe ko Auta ta zauna. Kin san shi, in ya yanke magana ya yanke, kuma tsakani da Allah don ƙauna ya faɗa. Da aka gaya wa Umma na zaci za ta tayar da ƙura, tunda sau nawa muka ji ta tana cewa daga gidan nan sai gidan gaskiya. Sai kawai ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda muka gani. Wannan amsar ta fi komai tayar mini da hankali, don ba Umman da na sani ba ce ta ba da ita.

Ana cikin haka, wata rana aka tashe mu da wuri daga makarantar da nake aiki, na ce bari in biya in gan ta kafin in ɗauko yara. Na buɗe da makullina, na yi sallama ƙasa-ƙasa don ina zaton barci take yi. Yaya, sai na hango ta a falo, tsaye, ta manna tafin hannunta a bango tana tafiya a karkace kamar mai bin gefen rami. In ta ɗan matsa sai ta tura bangon, ya ƙi motsi, ta ƙara matsawa ta sake turawa. Ƙofar kicin take nema. Ina kallo ta wuce ta, don ta tura ta wajen da ba ya buɗewa, ta kai har lungu, ta juyo. Da ta gaji sai ta saki bangon ta nufi tsakiyar falo, ƙafarta ta daki teburin gilashin nan, har sai da na ji ƙarar a cikin ƙashina. Ko uffan ba ta ce ba. Ta dafa ƙasa ta zauna a kan tayil, ta riƙe ƙaurin, tana kallon gabanta. A nan na kira sunanta. Ta yi firgigit, ta gyara ɗankwali, ta ce mini wai dubawa take ta ga ko fentin ya bushe. Fentin da aka yi tun watan jiya.

Ban yi mata gardama ba. Na ajiye jaka na zauna kusa da ita a ƙasa, na ɗora ƙafar a cinyata ina murzawa. A haka ta fara magana. Ta ce idonta ya fara dushewa tun Baba yana da rai. Gefe-gefen ne suka fara tafiya, har ya zama kamar tana leƙen duniya ta cikin bututu, abin da ke cikin bututun ma kamar an hura masa hayaƙi. Ba ta gaya wa kowa ba don ba ta ga abin da ya rage ta da shi ba: ta san gidanta kamar yadda ta san sunayenmu. In ta fito daga ɗaki ta hango baƙin kabad, ta san ta yi hagu. Inda jan kafet ya ƙare, nan ne 'yar matattakalar tsakar gida. Labule mai furanni shi ne ƙofar kicin. Duk abubuwan nan da muke wa dariya muna cewa sun tsufa, ashe su ne suke riƙe da hannunta. Ta ce ranar da muka dawo da ita ta tsaya a bakin falon, abin da ta gani kamar an jefa ta cikin kwanon madara, ba sama ba ƙasa, ba kujera ba ƙofa, sai haske da yake tasowa daga tayil yana sukar idonta. Na ce to Umma me ya hana ki faɗa? Ta ce ta yaya za ta faɗa, bayan tana jiyo muryar Auta a waya tana magana da masu ba ta aiki kamar wata babbar mace, kuma ke kina can wata uwa duniya kin hana idonki barci kina zaɓo mata abin da kike ganin ya fi kyau. Ta ce gara ta koma gidan Yaya Babba a ce tsufa ne, da a ce aikin 'yarta ne ya kayar da ita. Sannan ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Na ce Umma, duk abin da kika sa ni zan yi, ban da wannan.

Da yamma na tare Auta a tsakar gida na gaya mata komai. Na shirya rarrashi, na shirya jin ta ce ai ba laifinta ba ne. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta cire tabaraunta, ta lakato man shafawa ta goga a gilasan har suka yi dishi-dishi, ta mayar a idonta, ta shiga falon. Ina biye da ita. Ta miƙa hannu tana laluben ƙofar da ita da kanta ta zana, ta rasa. Ta juyo, sai ga ta ta yi karo da teburin, daidai inda Umma take bugewa. Nan ta durƙusa ta yi kuka mai isarta, na bar ta ta yi. Da ta share hawaye sai ta ce mini ashe aikin bai ƙare ba, don ta tambayi kowa ra'ayinsa, ta tambaye ki, ta tambayi hotunan waya, mai gidan ce kaɗai ba ta tambaya ba. Ta shiga wurin Umma. Ban bi ta ba, amma na jiyo Umma tana cewa wannan uwar surutun ce ta gaya miki ko, ai dama tun tana ƙarama ba a ba ta ajiyar magana. Kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile, ni kuwa ko a jikina.

Washegari muka kai ta wurin likitan ido. Bayan gwaje-gwaje ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ta a ɓoye, ga kuma yana da ta fara rufe idon dama. Yanar za a iya cirewa nan gaba. Amma abin da ɗayan ciwon ya riga ya cinye ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage da maganin ɗigawa safe da yamma, ba fashi. Ya yi mata faɗa cikin ladabi, ita kuma ta ce masa yaro ne shi, bai san abin da ake nufi da kada ka zama kaya a wuyan 'ya'yanka ba. Auta ta fito da hotunan falon ta nuna masa, ya duba ya ce gida ya yi kyau, amma ba na mai irin wannan idon ba ne. Ya ce abin da take buƙata shi ne haske mai yawa wanda ba ya ƙyalli, da launuka masu faɗa da juna, duhu kusa da haske, kuma in an ajiye abu a wuri a bar shi a nan.

Yaya, da kin ga yadda aka sake aikin nan da kin yi dariya har da hawaye. Auta ta sa mai fenti ya shafa launuka daban-daban a kan gutattsarin katako, ta zaunar da Umma a kujera a tsakiyar falo, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, Umma tana yanke hukunci kamar alƙali. Da farko tana jin nauyi, kowanne aka ɗaga sai ta ce ai ya yi. Auta ta ce in ba ta faɗi gaskiya ba za ta shafe gidan da baƙi gaba ɗaya. Daga nan bakin Umma ya buɗe. Wannan ta ce ba ta gan shi ba sam, wancan ta ce kamar ruwan wanki, wani kuma ta ce tana ganinsa amma ko a kyauta ba ta so. Kafin azahar ta zama ita ce shugabar aiki, tana aika mai fenti ya matsa dama ya matsa hagu, har bawan Allah ya ce shi tunda yake bai taɓa samun mai duba aiki mai tsanani irin Hajiya ba. Ƙofar kicin ta zaɓa mata ruwan ɗorawa mai kauri, ta banɗaki kore shar, ta ɗakinta shuɗi mai duhu, kowace aka mayar mata da firam aka sa mata babban mariƙi baƙi wanda hannu zai kama ba lalube. Bangon aka bar shi da haske don ƙofofin su fito, aka dai canza fentin zuwa marar sheƙi. Makunnan wuta duk aka sauya su zuwa baƙaƙe. Tayil ɗin aka rufe shi da kafet mai ruwan ƙasa, aka manne shi ƙam daga bango zuwa bango don kada gefensa ya harɗe ta, bakin matattakala kuma aka ja masa layi mai ruwan ɗorawa.

Kujerun nan naki masu ruwan madara suna nan, kada ki damu, sai dai ba za ki gane su ba. Mai kushin ya sake musu riga mai ruwan goro, kafinta ya ƙara musu tsawon ƙafa ya sa wa ɗaya hannu, don da in Umma ta zauna sai an jawo ta. Shi ne kuma ya yi mata sabon tebur na katako mai duhu, ba kusurwa mai kaifi ko ɗaya. Na gilashin aka ce in ɗauka, na kai gida, a daren farko Baban yara ya buga ƙauri a jiki, yanzu yana bayan ƙofa an jingine shi, kullum sai ya harare shi in zai wuce. Fitilun ɓoye an bar su don kwalliya, aka ƙara wasu a fili a kan hanyar da take bi da saman murhu. A kicin Auta ta sa wa kowace durowa mariƙi, ta sayo jajayen kofuna da farin faranti, ta ɗaura wa robar sukari jan ƙyalle don a raba ta da ta gishiri, wanda ni ma ya amfane ni. Sai baƙin kabad. Umma ba ta roƙa ba, Auta ce da kanta ta sa aka fito da shi daga sito, ta goge shi ta shafa masa mai, aka mayar da shi daidai inda ƙafafunsa suka yi shekaru suna tsaye. Da Umma ta fito ta hango shi, sai ta je ta dafa shi tana cewa sannu da zuwa, kamar wanda ya dawo daga tafiya. Auta ta ce ai ma yanzu haɗa tsohon kaya da sabo shi ne yayi, launuka masu ƙarfi kuma suna dawowa. Baban yara ya ce shi ya lura duk abin da Auta ta yi, washegari sai ya zama shi ne yayi.

Duk wannan bidirin Yaya Babba yana tafiyar aiki. Na gaya masa maganar idon ta waya, sai abin ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ya ce ai yanzu ne ma ya zama dole ta koma inda za a riƙa yi mata komai. Ya sa ranar da zai zo ɗaukarta. Da ranar ta zo Umma ta yi wanka ta sa atamfarta mai kyau, ta kira ni da Auta ta ce duk wadda ta motsa daga kujera don ta taimake ta, ba ita ba ita. Ya iso da mota shi da matarsa Anti, har da akwatunan da za a zuba kaya. Ya shigo ya tsaya yana kallon ƙofofin nan, baki buɗe, ya ce wa ya mayar da gidan nan makarantar yara. Kafin a ba shi amsa sai shuɗiyar ƙofa ta buɗe. Umma ta fito, ba sanda, ba dafa bango, ta yi hagu a wurin kabad, ta zagaye tebur, ta amsa gaisuwarsu a tsaye, ta wuce kai tsaye ta kama mariƙin ƙofar kicin ta shige. Muna zaune muna jin ƙarar buta da cokali. Anti ta yunƙura za ta bi ta, na riƙe mata gyale. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci. Can sai ga ta da faranti, ta ajiye a kan tebur, ta tsiyaya shayi a jan kofi har ya kusa baki ta tsaya, ko ɗigo bai zuba ba, ta miƙa masa. Sannan ta ƙura masa ido ta ce biro ya fashe masa a aljihu, babban mutum da shi yana yawo da tawada a farar riga. Ya duba, wallahi haka ne.

Ya shanye shayin nan. Da ya ajiye kofi sai ya fara kame-kame, ya ce dama ya zo da mota ne, ga kuma akwatuna. Umma ta ce madalla, Allah Ya yi masa albarka, dama gwangwanayen fenti sun cika mata tsakar gida ta rasa mai kwashewa. Auta ta toshe baki da filo, Anti ta juya tana kallon bango kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe, da ya dawo idonsa ya yi ja ya ce ƙurar fenti ce. Ya durƙusa gabanta ya ce ta zauna a gidanta, amma da sharaɗi: shi zai riƙa kai ta wurin likita da kansa, ni in riƙa biyowa in an tashi makaranta, Auta kuma maganin safe da na yamma a wuyanta. Umma ta ce ta yarda. Gwangwanayen kuwa sai da ya kwashe su tas a bayan motar.

Yanzu ta koma cin abincinta, ta koma karɓar baƙi a falo, har Goggo ta zo ta ga ƙofar kicin ta ce ita ma sai an yi mata irinta. Don haka ina roƙonki, kada ki karanta wannan ki zauna kina zargin kanki. Ba wanda ya sani, ni da nake ganinta kullum ma ban sani ba. Ita da kanta ta ce ba don gyaran nan ba da har yanzu tana ɓoyewa, da ciwon ya gama cinye idon ba a ɗiga masa komai ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ainihin abin da ya sa na rubuto. Na tambayi likita a keɓe ko maganin zai tsayar da abin. Ya ce ana sa rai, amma ba zai yi mini alkawarin shekara nawa ba. Akwai wani wuri a falon, jikin tagar gabas, inda Auta ta sa farin labule marar kauri. Da hantsi haske yana shigowa a tausashe, Umma ta gano cewa in mutum ya zauna dab da ita a nan tana ganin fuskarsa sosai. Ta sa an kai mata kujerarta wurin. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta zaunar, ta riƙe haɓarmu tana kallo kamar mai haddacewa. Ni ta ce na yi furfura ban gaya mata ba. 'Yan biyu ta ce yau ta san wanda ya fi wani rashin ji, a ido ake gani. Da ta gama da mu sai ta tambaye ni wai ƙaramin ɗanki, mai sunan Baba, da wa yake kama. Na ce Umma, ba kina ganinsa a waya ba, har kina cewa tubarkalla? Ta ce tana dai jin muryarsa, amma a gilashin wayar nan inuwa kawai take gani tana motsi, tun da aka haife shi ba ta san fuskarsa ba. Ke ma ta ce fuskar da take gani in kina magana, ta ranar da kika tafi ce.

Ta hana ni gaya miki wannan ma, ta ce kina da aiki, ga makarantar yara, ga wahalar hanya, kada a ɗaga miki hankali. Kin dai riga kin ji abin da ta ce game da ni da ajiyar magana. Na san tafiya daga inda kuke ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ba na so in ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki. Amma Yaya, kada ki jira sai komai ya daidaita. Ki yi magana da maigidan, ku duba hutun da ya fi kusa, ko ke da yaron kaɗai ne ku zo. Shekaranjiya ta sa kafinta ya yi wata 'yar kujera ƙarama, ta sa an ajiye ta gaban tata a jikin tagar. 'Yan biyu sun yi rigima a kanta, ta kore su duka, ta ce mai ita bai iso ba tukuna.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, ki ce muna godiya da ɗawainiya. Ki shafa mini kan Babbar Yarinya da Sarkin Tambaya, ki sumbaci mai sunan Baba. Umma tana sa muku albarka. Yaya Babba da Anti suna gaisuwa, haka Goggo, haka Baban yara, wanda ya ce in kina son teburin gilashi zai aiko miki har ƙofar gida. Auta ta ce ki kira ta da hantsi, za ta zagaya da ke falon, ƙofa bayan ƙofa. Allah Ya tsare mana ku, Ya kawo ku lafiya, Ya sa Umma ta gan ku da idonta.

Wassalam. Taki har kullum,

Ƙanwarki, Maman 'Yan Biyu